Zaɓen tsarin wasa ga ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai fama da rashin nasara

Tsarin wasa a ƙwallon ƙafa shi ne yadda mai horarwa yake jera 'yan wasansa a fili, tare da aikin da ya ɗora wa kowane ɗayansu. Ana rubuta shi da lambobi, ana farawa daga baya zuwa gaba, ba a kuma lissafa mai tsaron gida. Misali, 4-4-2 yana nufin 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu da 'yan gaba biyu. Dokar wasa ba ta tilasta wa ƙungiya wani tsari ba. Abin da ta shar'anta shi ne kada 'yan wasa su wuce goma sha ɗaya, kada su gaza bakwai, kuma ɗayansu ya kasance mai tsaron gida.

Zaɓen tsari yana ƙara muhimmanci idan ƙungiya ta shiga halin rashin nasara. A gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne suke fafatawa, kowace tana buga wasa 38, kuma huɗun da suka zo ƙarshen teburi suna faɗawa gasar rukuni na biyu. Nasara tana ba da maki uku, canjaras maki ɗaya. Ƙungiyar da ta faɗi takan rasa manyan 'yan wasanta da kuɗin shiga da 'yan kallo.

Tarihi

A ƙarshen ƙarni na 19 tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne 2-3-5, wato 'yan baya biyu kacal da 'yan gaba biyar. A shekarar 1925 aka sauya dokar satar gida: a da sai 'yan wasan hamayya uku sun kasance tsakanin mai kai hari da layin raga, sai aka mayar da su biyu. Wannan ya sa ƙwallaye suka yawaita. Herbert Chapman na Arsenal ya amsa sauyin da janye ɗan tsakiya ɗaya zuwa baya, aka samu tsarin da ake kira WM, mai 'yan baya uku.

A shekarar 1953 Hangari ta doke Ingila da ci 6 da 3 a filin Wembley, inda ɗan gabanta Nándor Hidegkuti ya riƙa dawowa tsakiya, 'yan bayan Ingila suka rasa wanda za su tsare. Brazil ta ci kofin duniya na 1958 da 4-2-4. A Italiya Helenio Herrera ya gina Inter Milan a kan tsaro mai tsauri, ta ɗauki kofin Turai a 1964 da 1965. Ajantina ta yi amfani da 3-5-2 a ƙarƙashin Carlos Bilardo lokacin da ta ci kofin duniya na 1986. Yawancin waɗannan tsare-tsare an ƙirƙiro su ne domin magance wata matsala da ke gaban mai horarwa a lokacin.

Gano matsala kafin sauya tsari

Masu horarwa sukan fara da duba inda ƙungiya take ciwo, domin rashin nasara iri-iri ne. Akwai ƙungiyar da ake yawan zura mata ƙwallo, akwai wadda ba ta iya ci, akwai kuma wadda take fara wasa da kyau ta gaji bayan hutun rabin lokaci. Ana duba ƙwallayen da aka zura mata ɗaya bayan ɗaya: daga gefe suka zo ko ta tsakiya, daga bugun kusurwa ne ko daga harin ba-zata, a wane minti aka ci su. Ƙungiyar da ake cinta daga bugun kusurwa tana buƙatar atisayen tsaron sama, ƙara ɗan baya na biyar ba lallai ya taimaka mata ba. Wadda ake kama ta da harin ba-zata kuwa, sau da yawa 'yan bayanta na gefe ne suke hawa gaba tare ba tare da wani ya rufe musu gurbi ba.

Abu na biyu shi ne 'yan wasan da ke hannu. Ƙungiya mai fama da rashin nasara ba kasafai take da kuɗin sayen sababbi ba, don haka tsari ne yake bin 'yan wasa. Idan 'yan bayan tsakiya ba su da gudu, ba a matsar da su kusa da layin tsakiya. Idan babu ɗan gaba mai iya riƙe ƙwallo shi kaɗai, ana haɗa shi da abokin aiki.

Tsare-tsaren da aka fi amfani da su

4-4-2. Shi ne mafi sauƙin koyarwa. 'Yan baya da 'yan tsakiya suna yin sahu biyu na mutum huɗu-huɗu, suna matsawa tare zuwa ɓangaren da ƙwallo take. Rauninsa shi ne 'yan tsakiya biyu sukan sha wuya idan abokan hamayya sun zuba uku a wurin. Maganin da aka saba shi ne ɗan gaba ɗaya ya riƙa dawowa yana taimaka musu.

4-5-1 da 4-2-3-1. Suna cika tsakiyar fili da mutane, suna hana abokan hamayya ratsawa. A 4-2-3-1 'yan tsakiya biyu suna zama gaban 'yan baya a matsayin garkuwa. Haɗarin shi ne ɗan gaba tilo ya zama a ware, a riƙa jefa masa ƙwallo ana ƙwacewa, ƙungiya ta kasa fita daga gidanta.

3-5-2 da 3-4-3. 'Yan baya uku suna tsare tsakiya, mutum biyu kuma suna kula da gefe tun daga baya har gaba. Idan ƙungiya ta rasa ƙwallo, waɗannan biyun suna komawa baya, tsarin ya zama 5-3-2 ko 5-4-1. Yana rufa asirin ɗan baya marar gudu, domin akwai mutum biyu kusa da shi. Amma yana buƙatar 'yan gefe masu numfashi sosai, kuma idan suka gaji, bayan su ne wurin da ake ratsawa.

4-3-3. Ya dace da ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo tana matsa wa abokan hamayya tun daga gidansu. Ƙungiya mai rauni da ta ɗauke shi ba tare da 'yan gefe masu dawowa tsaro ba takan bar 'yan bayanta a fili.

Ayyukan 'yan wasa

Lambobin tsari suna nuna inda mutum zai tsaya ne kawai. Aikin da aka ba shi shi ne yake tantance yadda wasan zai gudana.

Mai tsaron gida, ban da tare ƙwallo, shi ne yake ganin fili gaba ɗaya, don haka shi yake jera 'yan baya da murya, musamman a lokacin bugun kusurwa da bugun tazara. Tun daga 1992 doka ta hana shi kama ƙwallon da abokin wasansa ya tura masa da ƙafa da gangan, saboda haka iya wasa da ƙafa ya shiga cikin aikinsa.

'Yan bayan tsakiya sukan raba aiki: ɗaya yana fita ya tari ɗan gaba ko ya yi tsallen kai, ɗayan yana rufe masa baya. 'Yan bayan gefe a ƙungiya mai rauni sukan hau gaba ɗaya bayan ɗaya, ba a lokaci guda ba.

Ɗan tsakiya mai tsaro yana ƙwace ƙwallo, yana toshe hanyar da ake bi a kai wa ɗan gaba, sannan ya miƙa ƙwallo ga na kusa da shi. Mai shirya wasa, wanda aka fi sani da lamba goma, shi ne yake ba da ƙwallon da ake ci. Ƙungiyar da ke cikin matsi takan iya ɗaukar nauyin ɗan wasa ɗaya da ba ya dawowa tsaro, amma da wuya ta iya ɗaukar biyu.

'Yan gaba iri biyu ne aka fi buƙata: mai jiki da ke riƙe ƙwallo har abokansa su iso, da mai gudu da ke kutsawa bayan 'yan baya. Mai gudu shi ne makamin ƙungiyar da take wasa daga baya, domin filin da abokan hamayya suka bari idan sun hau gaba shi ne rabonsa.

Misalai daga Najeriya

A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, Kuroshiya ta doke Super Eagles da ci 2 da nema a wasan farko. Gernot Rohr ya yi amfani da 4-2-3-1 a wasan, John Mikel Obi yana bayan ɗan gaba Odion Ighalo. A wasa na biyu da Iceland a Volgograd, ranar 22 ga Yuni, ya koma 3-5-2. Ya ƙara Kenneth Omeruo a kan William Troost-Ekong da Leon Balogun a baya, ya mayar da Mikel ƙasa inda ya saba wasa a Chelsea, ya sa Victor Moses a gefen dama, ya haɗa Ahmed Musa da Kelechi Iheanacho a gaba. Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ci ƙwallaye biyu, kuma ta farko ta fito ne daga harin ba-zata da Moses ya jagoranta ta gefe. Najeriya ta yi nasara da ci 2 da nema, amma Ajantina ta fitar da ita da ci 2 da 1 a wasa na uku.

A gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, Najeriya ta tashi 1 da 1 da Ikwatoriyal Gini a wasan farko. José Peseiro ya koma tsarin 'yan baya uku, da Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, yayin da Ola Aina da Zaidu Sanusi suka riƙe gefe. Ƙungiyar ta buga wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ba, da Kwaddibuwa da Gini Bisau da Kamaru da Angola. Ta kai wasan ƙarshe, inda Kwaddibuwa ta doke ta da ci 2 da 1 ranar 11 ga Fabrairu, bayan Najeriya ta fara cin ƙwallo ta koma baya tana tsaro. Wasan ya nuna iyakar tsarin: ƙungiyar da ta bar wa abokan hamayya ƙwallo na dogon lokaci tana gayyato matsi a bakin ragarta.

Misalai daga Turai

Leicester City ta shafe watanni a ƙarshen teburin Firimiyar Ingila a kakar 2014/15. Nigel Pearson ya koma 'yan baya uku, ƙungiyar ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe, ta ƙare a mataki na 14. A kakar da ta biyo baya Claudio Ranieri ya yi amfani da 4-4-2 mai dogaro da ƙwacen N'Golo Kanté da gudun Jamie Vardy, ta ɗauki kofin.

Chelsea ta ƙare a mataki na 10 a 2015/16. Bayan Arsenal ta doke ta da ci 3 da nema a Satumban 2016, Antonio Conte ya koma 3-4-3, ya mayar da Victor Moses ɗan gefe mai hawa da sauka, bayan ya shafe kaka uku a matsayin aro a Liverpool da Stoke City da West Ham. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta lashe gasar da maki 93.

Girka ta ci kofin Turai na 2004 a ƙarƙashin Otto Rehhagel da tsaro mai tsauri da ƙwallayen kai. Ta doke Faransa da Jamhuriyar Czech da Portugal, kowace da ci ɗaya mai ban haushi, kuma ƙwallon wasan ƙarshe daga bugun kusurwa ta fito.

Abin da tsari ba ya magancewa

Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Duk da haka ta faɗi daga Firimiya a 2022 tare da Katsina United da Heartland da MFM. A waccan kakar ta buga wasanninta na gida da dama a wajen Kano, an kuma rage mata maki a matsayin hukunci. Ga ƙungiyar da ƙarfinta ya daɗe yana dogara da filin Sani Abacha da magoya bayanta, wannan asara ce da sauya jerin 'yan wasa ba zai rama ba. Pillars da Katsina United sun dawo Firimiya a 2023.

Jinkirin albashi, doguwar tafiya a mota zuwa wasan waje, rauni da yawan sauya masu horarwa duka suna shafar sakamako. Yawan sauya tsari shi ma illa ne, domin 'yan baya suna buƙatar lokaci kafin su fahimci motsin juna.

A ƙananan ƙungiyoyi

Ƙungiyoyin unguwa da na makarantu a garuruwa irin su Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, kamar Zinyau, sukan buga wasa a filin ƙasa ko yashi, inda ƙwallo take tsalle ba bisa ƙa'ida ba. A irin wannan fili gajeren fasin a gaban raga yana da haɗari, don haka tsari mai sauƙi kamar 4-4-2 ya fi amfani. Zafin bazara da azumi suna rage yawan gudun da ɗan wasa zai iya yi, abin da ke sa tsarin da ya dogara da 'yan gefe masu hawa da sauka ya yi wuya. Da yake lokacin atisaye kaɗan ne, masu horarwa sukan ba kowane ɗan wasa umarni ɗaya ko biyu da zai iya riƙewa, su kuma ware lokaci na musamman domin bugun kusurwa da bugun tazara, inda ƙungiya mai rauni take iya cin wadda ta fi ta. Tun daga 2022 dokar wasa ta amince da sauya 'yan wasa har biyar a manyan gasanni, abin da ya ba masu horarwa damar fara wasa da tsari ɗaya su ƙare da wani.