Lokacin da ya Dace a Ƙirƙiri Sabon Abu a Manhajar Intanet

Yawancin harsunan da ake gina shafukan intanet da su, irin su Java da PHP da C#, suna bin salon da ya samo asali daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka tsara a ƙasar Norway. A wannan salo ana rarraba manhaja zuwa azuzuwa da abubuwa. Aji shi ne bayanin da ke fayyace irin bayanan da za a riƙe da ayyukan da za a yi da su, abu kuwa shi ne ainihin wanda aka samar daga ajin, mai mazauninsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar yadda ake fitar da bulo ɗari daga abin buga bulo guda. A harsunan nan uku, kalmar new ce ke umartar kwamfuta ta samar da sabon abu, kuma sanin inda ya kamata a rubuta ta yana daga cikin hukunce-hukuncen da ke raba manhaja mai inganci da mai tangarɗa.

Abin da ya sa batun ya fi tsanani a intanet shi ne sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, tana amsa buƙatun mutane da yawa a lokaci guda. A tsarin PHP na gargajiya kowace buƙata tana farawa ne daga tushe, a gina abubuwanta, a watsar da su da zarar an aika amsa. A Java kuwa, abin da ke karɓar buƙatu, wanda ake kira Servlet, galibi guda ɗaya ake ƙirƙira, sai zaruruwa da yawa, wato layukan aiki da ke gudana kafaɗa da kafaɗa, su riƙa amfani da shi tare.

A nan ma'auni na farko yake fitowa, wato na wa ne bayanin da abin yake riƙewa. Idan mai rubuta manhajar kantin intanet ya ajiye sunan mai saye a jikin Servlet ɗin, sai mutum biyu suka danna maɓallin biya cikin daƙiƙa ɗaya, zaren farko zai rubuta sunan mutum na farko, na biyu ya zo ya shafe shi da nasa kafin a kammala, daga nan rasit ya fita da kayan wani da sunan wani. Irin wannan kuskure ba kasafai yake bayyana a lokacin gwaji ba, domin mai gwaji shi kaɗai ne ke shiga shafin, sai ranar da jama'a suka yi cincirindo. Don haka duk abin da ke ɗauke da bayanin mutum ɗaya ko na buƙata ɗaya, kamar kwandon sayayya ko fom da aka cika, sabo ake ƙirƙira masa. Ajin SimpleDateFormat na Java sanannen misali ne na abin da ba a raba shi tsakanin zaruruwa, saboda yana sauya abin da ke cikinsa yayin aiki, shi ya sa Java 8, da ta fito a 2014, ta zo da DateTimeFormatter wanda ba ya canzawa bayan an gina shi, kuma guda ɗaya ya wadatar wa kowa.

Ma'auni na biyu shi ne tsadar ginawa. Ƙananan abubuwa ba su da wani nauyi, domin mai kwashe shara, sashen da ke share abubuwan da aka gama da su daga ƙwaƙwalwa, a Java da C# an tsara shi ne bisa lura da cewa mafi yawan abubuwa ba sa daɗewa. Haɗi da rumbun bayanai kuwa sai an buɗe hanya, an tantance mai shiga, sannan rumbun ya ware masa wuri, ga shi kuma adadin yana da iyaka, domin rumbun PostgreSQL, alal misali, haɗi 100 yake yarda da su a lokaci guda idan ba a sauya saitinsa ba. Saboda haka ake buɗe 'yan kaɗan tun da farko a ajiye, kowace buƙata ta ari ɗaya ta mayar. HikariCP, wanda ke wannan aiki a Java, guda 10 yake riƙewa a saitinsa na asali. Haka nan Microsoft yana gargaɗin cewa ƙirƙirar sabon HttpClient, abin da manhajar C# ke aika buƙata zuwa wata sabar da shi, a kowace buƙata na iya cinye kafofin sadarwar sabar, tunda kafar da aka rufe ba ta samuwa nan take.

Manyan tsare-tsaren gina manhaja sun ɗauke wa mai rubutu wannan ɗawainiya, inda yake bayyana tsawon rayuwar kowane aji, su kuma su riƙa ƙirƙira masa. ASP.NET Core yana da matakai uku: abin da ake sabuntawa duk lokacin da aka nema, da wanda ke rayuwa tsawon buƙata guda, da wanda ke zama ɗaya tilo har a kashe manhajar. Spring kuwa ɗaya tilo yake samarwa idan ba a faɗa masa akasin haka ba. Sai dai sauƙin nan yana da tarkonsa, domin idan abu mai dogon rai ya riƙe mai gajeren rai, kamar tilon abu ya kama DbContext, abin da ke hulɗa da rumbun bayanai, wanda aka tanada don buƙata guda, to ya tsawaita rayuwarsa ke nan, har zaruruwa da dama su haɗu a kan abin da ba a gina shi don haka ba. Wannan ya sa ASP.NET Core yake binciken irin wannan haɗi a yanayin gwaji, ya tsayar da aikin da saƙon kuskure tun kafin manhajar ta isa hannun jama'a.