Tsohon Gidan Albarushi Na Bakin Kogi

Kowa ya san albarushi. Da shi maharba su ke ɗura bindiga, da shi kuma 'yan bindigar sarki su ke harbi ran hawan salla. Yau za mu ba ku labarin wani tsohon gida inda aka yi shekara fiye da 100 ana yinsa, mu ga yadda tsoron wuta ya koya wa magina irin ginin da za su yi.

Gidan nan yana ƙasar Amurka, a jihar Delaware, a bakin wani kogi da a ke kira Brandywine. Wani mutumin Faransa, sunansa du Pont, shi ya kafa shi cikin 1802. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a ƙasarsu. Da ya zo Amurka, sai ya ga albarushin wurin ba shi da kyau, ga tsada. Sai ya sayi fili a ƙauye, nesa da gari, ya soma gini.

Me ya sa ya zaɓi bakin kogi? Domin ruwa shi ne ƙarfin da zai juya injin. Suka datse kogin, suka haƙa wa ruwan hanya, ya riƙa zuba kan wata ƙatuwar ƙafa irin ta keke. Ƙafar tana juyawa, tana juya kayan niƙa. Ba a bukatar hura wuta ko kaɗan.

Abu uku a ke haɗawa a yi albarushi. Na fari wani farin gishiri ne wanda ba na miya ba, ana ce masa salfita, daga Indiya a ke kawo shi. Na biyu farar wuta, daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Na uku gawayi, wanda su ke yi nan gida da wani itace mai son bakin ruwa, sunansa wilo.

Ba a ɗaki guda a ke aikin ba. Akwai ɗakin niƙa, inda waɗansu ƙafafun ƙarfe biyu, kowace tan 8, su ke murƙushe kayan, ana yayyafa ruwa. Akwai ɗakin matsa, inda a ke danne garin ya yi tauri kamar dutse. Sa'an nan ɗakin da a ke farfasa shi ya zama tsaba tsaba, da ɗakin shanya, da ma'aji inda a ke tara shi cikin ganguna na katako. Kowane ɗaki an ba shi rata da ɗan'uwansa, don in ɗaya ya kama, kada ya ja sauran.

To, ga babbar dabarar. Ɗakin niƙa, bangonsa uku na dutse ne mai kauri ƙwarai. Amma bango na huɗu, wanda ya fuskanci kogi, na katako ne marar ƙarfi, rufin ma haka. Da gangan aka yi. Albarushi in ya tashi, wajen da ba ƙarfi ya ke bi. Saboda haka sai ya ture katakon ya watsa cikin kogi, bangon dutse ya tsare mutanen da ke baya. In ƙura ta lafa, a sake kafa katako, a ci gaba da aiki.

Ma'aikata kuma suna da dokoki. Ba mai shiga da ashana. Takalmansu ba ƙusar ƙarfe, da turakun itace a ke haɗa su, don ƙarfe in ya gogi dutse ya kan ba da tartsatsi. Shi kansa du Pont, a kan tudu daura da ma'aikatar ya gina gidansa, ya zauna da iyalinsa. Abin da ya sami ma'aikata, shi ma ya same shi.

Duk da haka ba a tsira sarai ba. Cikin 1818 albarushi ya tashi, mutum fiye da 30 suka hallaka, matar du Pont ma ta ji ciwo. Cikin 1857 wani tashin ya ci ran ɗansa, Alexis. An lissafta, tun daga farko har ƙarshe albarushi ya tashi sau 288, mutum 228 suka rasu. Matan da mazansu suka mutu, kamfani ya kan ba su wurin zama da kuɗin abinci.

Albarushin nan ba yaƙi kaɗai ya yi ba. Da shi aka fasa duwatsu aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka haƙa ma'adinai. Daga baya aka ƙago waɗansu nakiyoyi da suka fi shi ƙarfi, kasuwarsa ta ja baya. Cikin 1921 aka rufe ma'aikatar. Cikin 1957 aka buɗe wurin ya zama gidan tarihi, ana kiransa Hagley. Bangayen dutsen nan suna tsaye a bakin kogi, mutane suna zuwa kallo.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai albarushi a gida, ko fetur, ko kananzir, kada ya ajiye shi kusa da murhu, ko ɗakin kwana, ko inda yara ke wasa. A keɓe masa wuri nesa, kamar yadda mutanen nan suka yi.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa uku a ke haɗawa a yi albarushi?
2. Don me aka yi bango na huɗu da katako?
3. Ina ya kamata a ajiye abin da ke saurin kama wuta?