Gargaɗi ga Iyaye: A Daina Cusa wa Yara Tafarnuwa Saboda Ƙaiƙayin Dubura

Iyaye mata, kakanni da masu raino, ku saurara. Idan yaro ya shiga susar dubura da zarar dare ya yi, yana juyi yana kuka, kada a cusa masa komai. Ko tafarnuwa, ko man darbejiya, ko kanwa, ko garin da mai lasifika ya sayar muku a bakin kasuwa. Tun daga daren yau a bari.

Abin da mukan kira basir ko ɗan kanoma a irin wannan hali, sau da yawa tsutsa ce 'yar ƙarama, fara sol kamar guntun zaren ɗinki, tsawonta wajen santimita ɗaya. Ba macijin ciki ba ce, ba kuma tsila ba. A hanji take zama. Cikin dare macen takan fito bakin dubura ta zuba dubban ƙwai, ta liƙa su da wani danƙo, nan ƙaiƙayin yake tasowa. Ku bar yaro ya yi barcin awa biyu zuwa uku, sannan ku haska wurin da tocilar waya. Sau tari za ku gan ta tana motsi.

Ƙwan shi ne masifar. Ido ba ya ganinsa, cikin 'yan awanni ya nuna, kuma yana iya yin mako biyu zuwa uku a kan zanin gado, tabarma, wando ko fo bai mutu ba. Yaro ya yi susa, ƙwai ya shige ƙarƙashin farce, da safe ya sa hannu a kwanon da yake ci da ƙannensa. Shi ke nan, gida ya ɗauka. Ku faɗa mini, wane jiƙo ne zai bi ƙwai har kan tabarma?

Ni ma da sassaƙe da saiwa aka raine ni, ban raina gadon iyaye ba. Amma na ga abin da tafarnuwa ta yi wa 'yar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara huɗu. An daka, an shafa, an ɗaura mata wando ta kwana da ita. Da gari ya waye wurin ya yi jawur ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi, ta kwashe kwanaki tana riƙe kashi don tsoron zafi. Tsutsar kuwa tana nan daram. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fatar babba ma, balle wannan wuri mai laushi na yaro.

Maganin gargajiya na sha ya fi muni. Tun shekarun 1980 likitocin yara a Maleshiya da Indiya suke ba da rahoton ƙananan yaran da aka ɗura wa man darbejiya suka kama amai, jijjiga da suma, wasu suka rasu. 'Ya'yan rai-ɗore suna lalata hanta. Tazargade idan ta yi yawa tana iya kawo jijjiga. Mai sa gudawa kuma, wanda ake murna wai ya "wanko ciki" don an ga tsutsa a kashi, ruwan jikin yaro yake ƙwaƙulewa, bayan 'yan makonni susa ta dawo. Ba wanda ya auna ƙarfin abin da ke cikin kwalbar jiƙon, ludayin da aka ba uba shi ake ba ɗan yaye.

Abin takaicin, maganin gaskiya ba shi da tsada. Albendazol ko mebendazol, ƙwaya ɗaya, akwai su a asibitin sha-ka-tafi da kemis mai rajista. Sai dai suna kashe tsutsa ne, ba sa kashe ƙwai, don haka dole a maimaita bayan mako biyu. A nan mutane da yawa suke faɗuwa. Kuma kowa a gidan zai sha rana ɗaya, har da Baba da ya rantse shi lafiyarsa lau. Mai ciki, mai shayarwa da yaron da bai kai shekara biyu ba, sai ma'aikacin lafiya ya duba tukuna.

A makonnin nan a yanke farce ƙwal. Wanka da sassafe, a canza wando kullum. A wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin cin abinci, ruwan buta kaɗai bai isa ba. Zanin gado kada a kakkaɓe shi a ɗaki, ƙwan tashi yake kamar ƙura. A naɗe a hankali, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana. Malaman tsangaya da na makarantun kwana, wannan ya shafe ku kai tsaye, tunda yaranku shimfiɗa ɗaya suke kwana.

Idan an riga an ba yaro wani abu, sai ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, kada a jira gari ya waye, kada a ɗura masa manja ko madara. A ruga asibiti, a tafi da kwalbar ko ƙullin maganin a hannu, a faɗa wa likita ainihin abin da aka ba shi da lokacin da ya sha.