Dokar kulle da masu buƙata ta musamman: darasin da korona ta bar wa ofisoshin Abuja

A daren 30 ga Maris, 2020, dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas, sannan Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki. Jawabin Shugaba Muhammadu Buhari ya ware waɗanda dokar ba ta shafa ba: asibitoci, masu sarrafa abinci da rarraba shi, gidajen mai, kamfanonin wutar lantarki da masu gadi. Bai ambaci mai jinya da ke zuwa gida kullum domin juya wanda lakarsa ta taɓu ba, ko ɗan jagoran makaho, ko direban da ke kai mai ciwon ƙoda asibiti.

Wannan gibi yana iya cin rai. Mai wankin ƙoda yana buƙatar na'ura sau biyu ko uku a mako, kuma idan ya tsallake, ruwa da guba suna taruwa a jikinsa. Mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke yana iya faɗuwa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa kuwa, gyambon kwanciya ne ke jiransa. Asibiti yana buɗe, amma idan babu abin hawa kuma jami'in da ke shinge ba shi da umarni a rubuce, buɗewar ba ta amfane shi ba.

A ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, matsalar ta fito ta wata fuska. A jihar Alabama ta Amurka, wani tsohon tsarin rabon na'urar taimaka wa numfashi ya sanya masu tsananin naƙasar ƙwaƙwalwa a baya, sai da aka kai ƙara kafin a janye shi a Afrilun 2020. A Ingila, hukumar ƙididdiga ta gano cewa kusan shida cikin kowane goma da korona ta kashe a 2020 masu naƙasa ne.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, wadda sashenta na 11 ya wajabta kare su a lokacin haɗari. Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa gwamnati irin wannan nauyi, ta kuma ba su fifiko a layi. Sai dai hukumar da za ta bi kadin dokar ba ta samu shugabanni ba sai a Agustan 2020, watanni bayan kullen.

Saboda haka aikin yana kan teburin masu tsara takardun umarni. Kafin wata annoba ta zo, ya kamata a riga an tanadi takardar izinin wucewa ga masu jinya da marasa lafiyar da ke zuwa asibiti a kai a kai, da jerin cibiyoyin wankin ƙoda da na iskar oksijin da ba za a rufe ba, da mai fassara wa kurame a kowace sanarwa. Haka kuma a rubuta ƙarara cewa ba za a hana kowa gado ko na'ura saboda naƙasarsa ba, kuma ƙungiyoyin masu naƙasa su zauna a kwamitin da zai tsara hakan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da ke shinge abin da aka rubuta masa yake bi, kuma a ofisoshin Abuja ake rubutawa.