Injiniyan Tsara Aiki da Ribar Masana'antar Harhaɗa Motoci

Duk ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari a masana'antar harhaɗa kaya, ko mota ce ko firji ko babur, yakan fara lissafi ne da kuɗin injuna, fili da wutar lantarki. Ba kasafai ake sanya injiniyan tsara aiki cikin wannan lissafi ba, alhali kuwa shi ne ke yanke yawan kuɗin da kowace mota za ta ci kafin ta bar masana'anta.

Ba shi ke zana motar ba. Aikinsa shi ne ya karɓi zanen ya rarraba shi mataki-mataki: wane noti za a fara ɗaurewa, da wane irin ƙarfi, a wace tasha, kuma cikin minti nawa. Alal misali, idan masana'anta na aikin awa 8 a rana, wato minti 480, kuma kasuwa na bukatar mota 40, to tilas mota ɗaya ta fito kowane minti 12. Da zarar tasha ɗaya ta ɗauki minti 15, motocin da za a samu a ranar ba za su wuce 32 ba, amma albashi da kuɗin man janareta suna nan yadda suke. Gano irin wannan tasha da rage mata nauyi shi ne babban aikin injiniyan.

Da irin wannan lissafi ne kamfanin Ford na Amurka, bayan ya kafa layi mai tafiya a 1913, ya rage lokacin harhaɗa mota daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. Daga baya Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya ba ma'aikaci ikon tsayar da layi muddin ya ga aibi, domin gyara a nan take ya fi arha.

A Nijeriya kuwa, a shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antu shida, ciki har da Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Faɗuwar darajar naira daga 1986, da kwararowar motocin tokumbo, sun durƙusar da akasarinsu, kuma ƙwararru da dama suka watse.

Wannan asara ta fi ta injuna ciwo. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya sassauta harajin sassan da ake shigowa da su, sai dai motar da ta iso kusan a haɗe, aka ɗaura mata tayoyi da fitilu kawai, ba ta bukatar gwanintar injiniya. Inda ake walda da fenti da haɗa gangar jiki, nan ake samun ƙwarewa. Saboda haka ya kamata mai saka jari, da bankin da zai ba shi rance, su tambayi wane ne zai tsara layin, da kuma tashar da ta fi kowace jinkiri.