Allo A Kan Turken Layi: Ƙaramin Aiki Mai Ceton Wuni Guda

A wannan wata muna so mu tattauna ne a kan wani abu da ido ke rainawa, alhali kuwa rashinsa na cinye wa mutanenmu wuni guda cur, wato allon sanarwa da ake ɗorawa a kan turakun da ke tsare layi a asibiti, da banki, da ofisoshin gwamnati, da tashar mota. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. To, a wurin da babu ɗan gari mai nuna hanya, allon nan shi ne ɗan garin.

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ta Gana ya san cewa bin layi ya zama mana jiki. Tun da aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, yin katin asibiti da sabunta shi suka zama abin bin layi. A 2019 aka shiga rajistar katin ɗan ƙasa gadan-gadan. A watan Oktoba na 2021 aka ce kowa ya sake rajistar layin wayarsa da wannan kati, sannan daga 1 ga Yuli 2022 bankuna suka daina karɓar wata shaida in ba shi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fito da iyayenmu mata da dattawanmu daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, da zangunan sauran garuruwa, ya jera su a gaban tagogi tun da asuba.

Bin layi ba shi ne abin kuka ba, domin layi adalci ne: wanda ya riga zuwa shi zai riga samu. Abin da ke ƙona rai shi ne mutum ya tsaya awa uku a layin da ba nasa ba. Sai ya kai bakin taga ƙafafu sun kumbura, sannan ma'aikaci ya ce masa nan wurin biyan kuɗi ne, masu karɓar kati suna can ɗaya gefen. Ko kuma a ce masa ai sai da hoton takarda kaza, alhali babu wanda ya faɗa masa tun daga ƙofa. Mai tallar koko da ta yi asarar safiyarta ta yi asarar cinikin ranar, kuma gobe sai ta sake dawowa. A cikin wannan ruɗani ne 'yan tsakani, waɗanda ake yi wa laƙabi da "goro boys", suke samun abincinsu, domin abin da suke sayarwa sau da yawa bai wuce sanin inda za a tsaya ba.

Mene ne turken layi?

Turakun da muke magana su ne sandunan ƙarfen nan masu faffaɗan gindi da muke gani a banki da filin jirgin sama. Tsawon kowanne kamar mita 1 ne, gindinsa mai nauyi ne don kada ya faɗi, kuma a kansa akwai bel wanda ake ja kamar mita 2 a maƙala a turke na gaba. Wasu kuma igiya ko sarƙa ake sa musu. Bel ɗin yana gaya wa mutum inda zai bi, amma ba ya gaya masa inda hanyar za ta kai shi. Wannan aikin allo ne. Masu ƙera turakun sun san haka, shi ya sa suke yin wani ɗan firam da ke zama daram a kan turken, yawanci daidai girman takardar A4, wato faɗin santimita 21 da tsawon kusan 30. Sai dai wurare da yawa sukan sayi turakun su bar firam ɗin, kamar wanda ya sayi doki ya ƙi sayen linzami.

Inda ya kamata allo ya zauna

Mu malaman makaranta mun san abu guda game da allo: idan yaron da ke bencin baya bai ga rubutu ba, to ba a yi rubutun ba. Haka abin yake a layi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manna sanarwa a jikin gilashin taga, inda ba mai ganin ta sai wanda ya riga ya gama jira. Wurin allo shi ne turken farko, a bakin layi, inda mutum yake yanke shawarar shiga ko ƙin shiga. Kuma fuskarsa ta kalli ƙofar da mutane ke shigowa. Idan ana shigowa ta ɓangare biyu, a yi rubutun gaba da baya.

Sai maganar tsawo. Firam ɗin da ke zaune a kan turke mai mita 1 yana tsayawa ne daidai ƙirjin babban mutum. Da safe kafin jama'a su taru yana da kyau, amma da zarar mutum biyar sun tsaya a gabansa ya ɓace. Don haka turken farko yana bukatar allo biyu. Na sama a ɗora shi a kan ƙarin sanda har ya kai kamar mita 2, ya wuce kawunan mutane, ya ɗauki lambar layi da sunan aikin da ake yi a wurin kawai. Na ƙasa kuwa, wanda mai keken guragu da gajeren mutum za su iya karantawa a kusa, shi zai lissafa abin da ake bukata mutum ya riƙo: kati, hoto, rasit, da kuɗin da za a biya. Rubuta kuɗin a fili yana da muhimmanci ƙwarai. Inda aka rubuta sidi kaza ɓaro-ɓaro, da wuya wani ya ja tsohuwa gefe ya ce mata ninkinsa ne.

Game da girman baƙaƙe, masu rubutun alluna suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowane nisan mita 3 yana son baƙi mai tsawon santimita 2 da rabi. Ke nan idan daga ƙofa zuwa bakin layi mita 6 ne, sai a yi baƙi mai santimita 5. A takardar A4 baƙaƙe biyar ko shida ne masu wannan girma za su shiga layi ɗaya. Wannan ya nuna mana allon sama ba wurin dogon bayani ba ne. Kalma biyu ko uku sun isa, in kuma ba su isa ba a koma takarda mai ninkin girmanta, wato A3. A yi baƙin rubutu a kan fari ko rawaya. A guji ja a kan kore, domin akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka biyu.

Yadda ake kafa shi

Allo a kan turke tamkar tuta ne, iska na son sa. Gwargwadon tsawonsa da faɗinsa, gwargwadon sauƙin kifewar turken, musamman a tsakar gida ko baranda lokacin hunturu da farkon damina. Saboda haka allon ya zama marar nauyi, gindin kuma ya zama mai nauyi. Roba ko siririn falanki sun fi gilashi, domin gilashi in ya faɗi a cikin taron mata masu goyo, abin ba zai yi kyau ba. A goge kusurwoyin su zama masu santsi, tun da tsayinsu daidai yake da fuskar yaro. A ɗaure allon a wuri biyu, sama da ƙasa, da noti ko da abin ɗauri na roba. In wuri ɗaya aka ɗaure, zai riƙa juyawa har kibiyar da ke nuna dama ta koma nuna hagu. Kada a rataya komai a jikin bel, domin nauyi na sa shi ya saki, ya kuma lalata abin da ke naɗe shi. Kwali da salatif kuwa na kwana biyu ne: zafi ya narkar da gam, raɓa ta jiƙa takarda. Rufe takardar da leda a shagon masu buga takardu ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma yana sa ta daɗe.

Da wane harshe?

A nan gizo ke saƙa. Turanci shi ne harshen hukuma, kuma ba mu ce a cire shi ba. Amma a dubi halin da mutumin zango yake ciki. Hausa ita ce harshen da ke haɗa Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli da Bafulatani a zango, har gidan rediyon ƙasa yana watsa shirye-shirye da ita. Duk da haka ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su, kuma 'ya'yanmu ba sa koyon rubuta ta a makarantun gwamnati. Sakamakon haka shi ne, akwai dubban mutane masu jin Hausa kamar ruwa, amma ba su saba ganin ta a rubutun boko ba. A ɗaya ɓangaren kuma, dattijon da ake ɗauka jahili ne a gaban taga, sau da yawa ya sauke Alƙur'ani, yana karanta baƙaƙen Larabci ba tare da gargada ba. Rubuta Hausa da ajami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami.

Don haka allon da zai yi wa kowa amfani shi ne mai hawa uku. Da farko lamba babba, domin kowa ya san 1, 2, 3, ko don kuɗi da wayar hannu. Ma'aikaci ya ce "je ka layi na 3" ya fi sauƙi bisa ya ce a nemi wani dogon suna na Turanci. Na biyu hoto: kati, kuɗi, kwalbar magani, mace mai ciki, tsoho da sanda. Akwai irin waɗannan alamu da duniya ta amince da su, kamar alamar keken guragu wadda wata ɗalibar ƙasar Danmak, Susanne Koefoed, ta zana asalinta a 1968, kuma yau ana gane ta ko'ina. Na uku kalmomi: Turanci, da harshen masu gari, Tuwi a Kumasi ko Ga a Akra ko Dagbani a Tamale, sannan Hausa a ƙasa, da boko ko da ajami, a wuraren da ke kusa da zango. Mu lura da wannan jeri. Muna roƙon a sa harshenmu kusa da na maƙwabtanmu ne, ba a samansa ba, kuma roƙon da aka yi da wannan ladabi ya fi saurin karɓuwa.

Wanda zai je ya yi wannan magana a ofis ba da hannu wofi zai je ba. Dokar Naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa masu wuraren da jama'a ke shiga su sauƙaƙa wa naƙasassu isa gare su da samun hidimarsu. Kurma ba ya jin kiran mai gadi, allo ne kunnensa. Layi na musamman ga tsofaffi da masu ciki da naƙasassu kuwa, in ba a rubuta shi ba, sai mai ƙarfin hali ne kaɗai zai tambaya, mai kunya ya tsaya a baya yana shan rana.

Mu fara daga gida

Kafin mu nuna wa hukuma yatsa, mu dubi namu. Ranar rabon zakkar kono ko naman layya a ƙofar masallaci, ranar ɗaukar sababbin yara a makarantunmu, ranar allurar rigakafi ko gwajin ido kyauta a fadar sarkin zango, yaya layinmu yake kasancewa? Turereniya da hayaniya, mai ƙarfi ya samu, gwauruwa ta koma gida hannu rabbana. Ba sai mun sayi turken banki ba. Tsohon gwangwanin fenti, a cika shi da siminti, a kafa bututun roba ko sandar ƙarfe a tsakiya, ya zama turke. Igiya ta haɗa su. Kafinta ya yanko falanki, mai walda ya yi maƙali, malamin makarantar allo ya rubuta ajami, ɗan sakandare ya rubuta boko. Turke shida da allo uku, na maza, na mata, na tsofaffi, sun isa su sauya kamannin taro, kuma a ajiye su a masallaci don shekara mai zuwa.

Sai gargaɗi biyu. Na ɗaya, allon da ya tsufa ya fi rashin allo sharri. In an sauya taga ko kuɗi ya ƙaru, a sauya takardar a ranar, kuma a san mutum guda da wannan nauyi ke kansa, domin aikin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Na biyu, allo ba ya maye gurbin mutum. Makaho ba zai gan shi ba, kuma akwai wanda ko lamba sai an nuna masa. Matasanmu masu karatu, in kun ga Baba ko Hajiya suna waige-waige a bakin layi, ku matsa ku ce, "Baba, me aka zo yi? Ga layinku nan." Ladan wannan ba kaɗan ba ne.

Muna kira ga sarakunan zango, da limamai, da wakilanmu a majalisun gundumomi, da ƙungiyoyin matasa da na mata, kowa ya zaɓi wuri guda a unguwarsa, asibiti ko ofis ko tasha, ya je da takarda a rubuce, ya nemi izinin shugaban wurin, ya kuma ce mu za mu kawo fassarar, in ta kama har da allon. Wanda ya gwada, ya rubuto wa wannan shafi yadda ta kaya, domin na wani gari su koya. Allah Ya ba mu ikon sauƙaƙa wa juna, Ya sa mu dace. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.