Siriri, Madaidaici da Ƙato

Yara, kun san ƙanƙara. Kuna ganin ta cikin firigo, kuna ganin masu sayar da ita a kasuwa lokacin zafi. Ruwa ne sanyi ya kama shi har ya daskare. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. A ƙasarmu, ko a tsakiyar ɗari, ba mu ganin tabki ya daskare. Amma akwai ƙasashen arewa masu nisa, kamar Kanada da Rasha da Suwidin, inda ɗari yake yin watanni. A can tabki yakan zama ƙanƙara mai kauri, har mutane su yi tafiya a bisansa.

Mutanen waɗannan ƙasashe ba su zauna cikin ɗaki suna jiran sanyi ya wuce ba. Sun ƙago wasanni na lokacin ɗari. Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙwallon gora na bisa ƙanƙara.

Yadda ake wasan a fili

Filin wasan ƙanƙara ne shimfiɗe, tsawonsa wajen metir 60. An kewaye shi da katanga gajera. Kowane ɗan wasa yana sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, siriri kamar wuƙa. Da wannan ƙarfe yake sulɓi bisa ƙanƙara, ya fi mai gudu da ƙafa sauri. Yana riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ne mai kumburi. Ɗan faifai ne baƙi na roba mai tauri, faɗinsa santimetir 7 da rabi, nauyinsa wajen giram 165.

Kowane ɓangare yana da mutum 6 a fili: 5 masu kai da kawo, 1 mai tsaron gida. An raba wasan kashi 3, kowane kashi minti 20. Waɗanda suka fi jefa faifai cikin raga su ne suka ci. A birnin Montireyal na Kanada aka fara yin wannan wasa cikin babban ɗaki bisa tsari, ranar 3 ga watan Maris na 1875.

Yadda wasan ya shiga telebijin

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wani kamfani mai suna Nintendo. An kafa shi a 1889, yana yin katin karta. A 1983 ya fito da wata na'urar wasa ta gida, ana kiran ta Famicom. A 1985 aka kai ta Amurka da sabon suna, NES. Ƙaramin akwati ne da ake haɗawa da telebijin. Ana sa masa kaset na wasa, sai hoto ya fito. Yana da abin riƙewa guda 2, kowane da igiyarsa. A kowane akwai maɓalli mai kama da gicciye na sama da ƙasa da hagu da dama, da kuma maɓallai 2 masu zagaye, A da B.

A 1988 kamfanin ya fito da wasan da ake kira Ice Hockey, wato ƙwallon gora na bisa ƙanƙara. Mutum ɗaya yana iya karawa da na'ura. Amma daɗin wasan sai mutum biyu sun zauna kusa da juna, kowa da abin riƙewarsa.

Kafin a fara, kowa ya zaɓi ƙasa. A kaset ɗin da aka sayar a Amurka akwai ƙasa 6: Amurka, Kanada, Suwidin, Polan, Tarayyar Sobiyet da Cekosulobakiya. Biyu daga cikinsu yau babu su a taswira. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Cekosulobakiya kuwa ta rabu biyu a 1993, aka sami ƙasar Cek da ƙasar Sulobakiya. Kun ga ko tsohon wasa yana iya koya mana tarihi.

Daga nan sai a zaɓi saurin wasa, daga 1 zuwa 5. A zaɓi tsawon kowane kashi: minti 7, ko 10, ko 15. A telebijin an rage mutum ɗaya. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 4 da mai tsaron gida.

Ƴan wasa iri uku

Ga abin da ya sa ba a manta da wannan wasa ba. Ƴan wasan ba ɗaya suke ba. Iri uku ne, kuma kai ne za ka zaɓi irin da kake so a kowane gurbi.

Na farko siriri ne. Ya fi kowa sauri. Idan alƙalin wasa ya saki faifai a tsakiyar mutum biyu, shi ne ya fi iya kama shi. Amma bugunsa ba shi da ƙarfi, kuma da an bangaje shi sai ya faɗi.

Na biyu ƙato ne. Tafiyarsa da nauyi. Idan siriri ya wuce shi, ba ya iya cim masa. Amma bugunsa kamar harbi ne, kuma wanda ya yi karo da shi sai ƙasa.

Na uku madaidaici ne. Bai kai siriri sauri ba, bai kai ƙato ƙarfi ba. Amma ba shi da babban rauni ko ɗaya.

To, wane ne ya fi? Yaro mai garaje yakan ce ƙato, ya ɗauki ƙattai 4. Sai abokinsa ya riƙa kewaye su da sirarai, su kuwa suna biye a baya. Wani yakan ce siriri, ya ɗauki sirarai 4. Suna isa bakin raga da wuri, amma mai tsaron gida yana tare bugunsu ba wuya, ƙattai kuma suna zubar da su a hanya. Mai wayo yakan gauraya su. Siriri ya kama faifai ya gudu da shi. Madaidaici ya karɓa ya miƙa. Ƙato ya buga cikin raga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari mu ƙirga hanyoyin zaɓe. Idan duka 4 iri ɗaya ne, hanya 3 ke nan. Idan 3 iri ɗaya ne, ɗaya kuma daban, hanya 6. Idan biyu-biyu ne, hanya 3. Idan 2 iri ɗaya ne, sauran 2 kowa da irinsa, hanya 3. Ku tara: 3 da 6 da 3 da 3, ya zama 15. Ashe da iri 3 kaɗai ana iya shirya ƙungiya 15 dabam-dabam.

Hannu da hankali

Idan faifai yana wurinka, maɓallin A na miƙa wa ɗan'uwa ne, B na bugawa raga. Idan ka daɗe kana danna B kafin ka saki, bugun zai fi ƙarfi. Amma kana jira, abokin karawa yana zuwa ya ƙwace. Idan faifai ba ya wurinka, da A kake kokawar ƙwato shi, da B kake canza ɗan wasa. Mai tsaron gida ma yana hannunka, shi ba ya tsare raga da kansa. Don haka sai ido ya duba wuri biyu.

Wani lokaci kokawar faifai takan zama faɗa, sauran ƴan wasa su ruga su shiga. Idan ƙura ta lafa, sai a fitar da mutum ɗaya daga ɓangaren da aka rinjaya, ya zauna waje na ɗan lokaci. Ƴan'uwansa 3 su rage suna fama da mutum 4. Wanda ya tsokani faɗa bai san wa za a fitar ba.

Hotunan wasan ƙanana ne, launinsu kaɗan. Na'urorin yau sun fi NES ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka, a 2018 kamfanin ya sake kawo wasan cikin na'urarsa Switch, domin mutane ba su gaji da shi ba.

Ku ma kuna zaɓe irin wannan. Idan an fita hutu a lakwal za a buga ƙwallo, manya biyu su tsaya suna kiran suna. Kullum akwai yaron da ake bari a ƙarshe, ko don ƙanƙanta, ko don nauyin jiki. Kafin ku bar shi a gefe, ku tambayi kanku abin da ya iya wanda ku ba ku iya ba, sa'an nan ku ba shi gurbin da ya dace da shi.

Tambayoyi

1. A awo nawa ruwa yake daskarewa?
2. Mutum nawa ne a kowane ɓangare a fili? A telebijin fa?
3. Faɗi ƙarfin siriri da rauninsa. Faɗi na ƙato.
4. Waɗanne ƙasashe biyu na wasan ne babu su yau?
5. Idan an zaɓi minti 7 a kowane kashi, minti nawa ne kashi 3?
6. Zana ƙungiyarka ta mutum 4 cikin littafinka, ka bayyana dalilin zaɓenka.